Yanar da ke kwanciya a saman ruwan bunu

Mai Shayi Agege: Assalamu alaikum. Idan ruwan bunu ya ɗan jima a kofi, sai wata yana mai ƙyalli kamar mai ta kwanta a samansa, tana fashewa idan an taɓa. Masu saye suna cewa kofin ne bai wanku ba. Ganyen ne ko ruwan?

Malam Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Ba datti ba ne, kuma ba ta cutarwa. Abu uku ne ke haɗuwa: sinadaran ganyen shayi masu sa baki ya yi bauri, kalsiyam da bikabonet da ke cikin ruwa, sai iskar oksijin da ke taɓa saman kofin. Oksijin na sauya sinadaran ganyen, su haɗu da kalsiyam kabonet (sinadarin alli da kalsiyam da bikabonet ke samarwa) su taru a sama. Masana kimiyya Michael Spiro da Deogratius Jaganyi sun bayyana wannan a Landan a 1993. Duba gindin butarka, in akwai farin ɓawo to ruwanka na da kalsiyam. Gwada ganye ɗaya a kofi biyu, ɗaya da ruwan da kake saye a wurin mai ruwa, ɗaya da fiya wata, ka bar su minti 15 a buɗe. Wanda ya fi yana, ruwansa ne matsalar. Ruwan da ya zauna a sabon tankin siminti ma yakan ɗauko kalsiyam.

Hajiya Obalende: Lemun tsami ne maganinta, a ɗiga shi a kofi, tsamin na narkar da kabonet ɗin. Amma kada ka sa shi a shayin madara, zai tsinke. Ka riƙa rufe tukunya, kuma ka cire ganyen bayan minti 3 zuwa 5. Yanar shayin madara daban ce, furotin da maiƙon madarar ne.

Injiniya Ajah: Malam, a ƙara da wannan: ruwan burtsatse a wurare da dama a Legas sinadarin ƙarfe da ke narke a ciki ne ya fi damunsa. Alamarsa jan tabo a bokiti, shayin kuma ya yi baƙi wuluk kamar tawada, domin ƙarfe na haɗuwa da sinadarin baurin. Wannan sai an bar ruwan ya sha iska ya kwana, a tace, sannan a dafa.