Ƙanena ya tuba bayan ya fito daga gidan yari, amma unguwa ta ƙi karɓarsa: me zan faɗa masa?

Babban Yaya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar malamai da iyayenmu da ke wannan zaure game da wani ƙanena da muke uwa ɗaya uba ɗaya. Ya daɗe cikin shaye-shaye, tun daga maganin tari mai kodin har zuwa ƙwayoyi, kuma shan ne ya jefa shi cikin ɗauke-ɗauke, har aka kama shi a kan satar keken ɗinkin wani maƙwabcinmu, kotu ta ɗaure shi. Da ya fito bara sai muka ga ya sauya ƙwarai, domin ya riƙe salla cikin jam'i, ya koma makarantar dare, kuma yana koyon gyaran waya a shagon wani abokin mahaifinmu.

Damuwar ita ce mutanen unguwa ba su yarda da shi ba. Idan ya shiga masallaci, akwai masu tashi su ɗauko takalmansu su ajiye a gabansu. Wata rana ladan bai zo ba, ya miƙe zai tayar da iƙama, wani dattijo ya dakatar da shi a bainar jama'a. Ya nemi aure, aka ce za a yi shawara, har yau shiru. Abokansa na da ne kaɗai ke sakar masa fuska, suna aiko masa cewa majalisa tana nan tana jiransa. Kwanan nan ya koma yin sallar asuba a ɗaki, kuma ya ce mini da Allah ya karɓi tubarsa da bai bar mutane suna yi masa haka ba. Shin ƙyamar da jama'a ke nuna masa alama ce ta cewa ba a karɓi tubar ba? Kuma ni, a matsayina na yayansa, me ya kamata in yi kafin ya karaya gaba ɗaya?

Abu Safiyya:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ba ka yar da shi ba. Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Karɓar tuba lamari ne tsakanin bawa da Ubangijinsa, sharuɗɗanta kuma sanannu ne: barin laifin, nadama a kansa, ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙi idan na mutane ne. Fara'ar maƙwabta ba ta cikinsu. Allah ya ce a Suratuz Zumar, aya ta 53, bayinsa da suka yi ɓarna a kan kawunansu kada su yanke ƙauna daga rahamarsa, kuma bai rataya wannan ga yardar kowa ba.

Ina so ka zauna da shi ku karanta hadisin Ka'abu ɗan Malik, Allah ya ƙara masa yarda, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito da tsawonsa, domin Ka'abu da kansa ne ya ba da labarin, kuma bai ɓoye rauninsa ba. A shekara ta 9 bayan hijira aka fita yaƙin Tabuka cikin tsananin zafi, lokacin da dabino ya nuna. Ka'abu yana da lafiya, yana da raƙuma biyu, amma ya yi ta jinkiri, yau zai shirya, gobe zai shirya, har runduna ta yi nisa. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo Madina, mutum tamanin da 'yan kai suka zo suna kawo uzuri suna rantsuwa, aka karɓi zahirinsu aka bar zuciyarsu ga Allah. Ka'abu kuwa, duk da cewa mawaƙi ne mai fasahar magana da zai iya tsara uzurin da zai fitar da shi, sai ya ce ba shi da uzurin komai. Waɗanda suka yi ƙarya suka tafi gida cikin kwanciyar hankali, shi da ya faɗi gaskiya aka hana kowa yi masa magana, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, har dare hamsin. Ka lura da wannan sosai, domin da sauƙin rayuwa ne ma'aunin karɓuwa a wurin Allah, da munafukan ne suka yi nasara a wannan rana.

Akwai wurare biyu a labarin da suka yi daidai da halin ƙanenka. Na farko, Murara da Hilalu sun zauna a gidajensu suna kuka, shi kuwa Ka'abu, wanda ya fi su ƙuruciya da ƙarfi, ya ci gaba da fita yana halartar salla tare da Musulmi, yana zagaya kasuwa, ba mai ce masa uffan. Har katangar gonar Abu Ƙatada ya haura, ɗan baffansa kuma mafi soyuwar mutane a gare shi, ya yi sallama ba a amsa ba. Ya roƙe shi da Allah ya faɗa ko ya san yana son Allah da Manzonsa, sai a karo na uku ya ce Allah da Manzonsa ne mafi sani. Ka'abu ya juya yana hawaye, amma bai daina zuwa masallaci ba.

Na biyu shi ne wanda ya fi tsorata ni game da ƙanenka. Ana cikin wannan hali wani ɗan kasuwa daga Sham da ya kawo abinci Madina ya zo yana tambayar ina Ka'abu, ya miƙa masa wasiƙa daga sarkin Gassan, wani sarkin Larabawa Kirista a yankin Sham, tana cewa sun ji labarin mutuminsa ya juya masa baya, kuma Allah bai ajiye shi a gidan wulaƙanci ba, don haka ya taho wurinsu su karrama shi. Ka'abu ya ce wannan ma yana cikin jarrabawar, ya nufi tanda ya jefa wasiƙar a wuta. Saƙon da abokan majalisa ke aiko wa ƙanenka irin wannan wasiƙa ce, ba ta zuwa sai lokacin da mutum ya ji kowa ya guje shi, kuma kullum da sunan tausayi take zuwa. Bayan kwana arba'in ma abin ƙaruwa ya yi, domin an umarce su su nisanci matansu, sannan a cikar hamsin, bayan sallar asuba, ya ji mai kira daga kan dutsen Sal'u yana yi masa albishir, ayar Suratut Tauba ta 118 ta sauka a kansu.

Sai dai kada wani ya ɗauki wannan labari ya kafa hujja da shi wajen ƙaurace wa mai tuba. Waccan ƙauracewa umarnin Annabi ce, tana da iyaka, kuma wahayi ne ya rufe ta. Babu wani a unguwarku da aka ba wannan matsayi.

Maman Tagwaye:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara ilimi. Amma ɗana, bari in faɗa maka abin da wataƙila ba za ka so ji ba, a matsayin uwa wadda ta zauna da maƙwabta iri-iri. Ba duk mai ɗauke takalminsa ne mugu ba. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Mutanen nan sun yi shekaru suna ganin ƙanenka a wani hali, wasunsu da kayansu aka sayi abin da ya sha, saboda haka ba adalci ba ne a ce cikin shekara guda su manta. Iyayen yarinyar da suka yi shiru ma, da 'yarka ce da ka yi dogon bincike.

A cikin bayaninka ban ga inda ka ce an biya mai keken ɗinkin ba. Zaman gidan yari hukuncin hukuma ne, bai mayar wa mutumin da abin sana'arsa ba. Idan ba a yi ba, ka ɗauki ƙanenka da wani babba a danginku ku je har gida, ya nemi gafara da bakinsa, a yi maganar biya ko da kaɗan-kaɗan ne daga abin da yake samu a shago. Haka duk wanda ya san ya taɓa wa kaya, ko ba a kama shi a kai ba. Na tabbata maganar za ta zagaya unguwa fiye da yadda labarin kama shi ya zagaya.

Kuma ya sani cewa ko bayan an yafe, wani ciwon ba ya barin zuciya. Wahshi shi ne ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu. Ya musulunta daga baya, Annabi ya karɓi musuluncinsa, amma ya tambaye shi ko zai iya ɓoye masa fuskarsa, saboda ganinsa na tuna masa da baffansa. Wahshi bai ce tunda haka ne ya fasa ba. Ya riƙe addininsa, kuma a zamanin Sayyidina Abubakar ya fita yaƙin Yamama ya jefi Musailama maƙaryaci da mashinsa. Idan sahabi ya jure wannan daga mafificin halitta, ƙanenka zai iya jure kallon dattijon unguwa.

Ma'aikacin Jinya:

Assalamu alaikum. Ni ba malami ba ne, aikin jinya nake yi, kuma ina so in ƙara wani ɓangare da ba a taɓo ba. Yallaɓai, barin jam'in asuba da maganganun yanke ƙauna da ka ambata, a wurinmu alamu ne da ake lura da su sosai, domin kaɗaici da baƙin ciki na cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutum ga shan da ya bari. Kodin da tiramadol suna sauya yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, shi ya sa sha'awarsu kan taso wa mutum bayan ya daɗe da dainawa, musamman idan ya ga wurin da ya saba sha ko mutanen da ya saba sha da su. Wannan ba ya nufin tubarsa ta ƙarya ce. Akwai kuma haɗarin da mutane da yawa ba su sani ba, wato wanda ya daɗe bai sha ba jikinsa ya daina jure adadin da ya saba, idan ya koma ya sha kamar da, numfashinsa na iya tsayawa.

Ƙanenka ba shi kaɗai ba ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumomin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken, kuma a watan Mayun 2018 ne gwamnatin tarayya ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Shawarata ita ce ka kai shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara tun bai zame ba. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau a Kano. Ka guji gidajen da ake ɗaure mutane da mari da sunan gyaran tarbiyya, domin kowa ya ga halin da aka samu mutane a ciki lokacin da 'yan sanda suka buɗe wasu a Kaduna da Katsina a 2019.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, ya zame sau ɗaya, kada gida ya ce dama mun faɗa. Malam zai gyara mini idan na yi kuskure, amma a Bukhari akwai sahabin da aka sha kawowa saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa.

Abu Safiyya:

Haka yake, ɗan'uwa ma'aikacin jinya, kuma a wata ruwayar game da wani da aka yi wa haddin giya, da wasu suka ce Allah ya kunyata shi, Annabi ya ce kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Na kuma yarda da Hajiya a kan biyan haƙƙi, shi ne ma ya kamata a fara da shi. Inda na ɗan saɓa mata shi ne batun dattijon. Tsare takalmi tsoro ne, ana iya yi wa mai shi uzuri, amma tozarta mutum a gaban sahu wani abu ne daban. Tsarin wanda zai yi kiran salla ko iƙama a hannun liman yake, saboda haka ka same shi a keɓe, ba da ƙara ba, ka gaya masa halin da yaron ke ciki, ka roƙe shi ya jawo shi jiki, shi kuma ƙanenka ya bar iƙamar har sai liman ya sa shi da kansa.

Akwai wani abu a ƙarshen labarin Ka'abu da ya shafe ka kai tsaye. Da ya shiga masallaci ranar albishir, Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya taso da sauri ya yi musafaha da shi, kuma Ka'abu ya ce babu wani daga cikin Muhajirai da ya taso sai shi, bai taɓa manta wa Ɗalha wannan ba. Ba lallai ne unguwa duka ta sauya ba kafin ya samu ƙarfin gwiwa. Ka riƙa buga masa ƙofa da asuba ku tafi tare, ka tsaya kusa da shi a sahu. Idan kuma ka ga majalisar nan ta fi ƙarfinsa, to a duba yiwuwar ya koma wurin wasu dangi a wani gari na ɗan lokaci, domin mutumin nan da hadisi ya ba da labarinsa, wanda ya kashe rai ɗari ma, malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba cewa ya yi ya bar ƙasarsa ya tafi inda ake bauta wa Allah.

Babban Yaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, gaskiya ne ba a biya ba, domin an riga an sayar da keken kafin a kama shi, kuma tun daga lokacin gaisuwa ma ta yanke tsakanin gidajen biyu. Zan yi wa kawunmu magana ya jagorance mu, liman kuma zan same shi bayan sallar isha'i. Malam, saura tambaya ɗaya: kuɗin keken na wancan lokaci za mu biya, ko mu nemi irinsa a kasuwa mu saya masa, tunda farashi ya ninka?

Abu Safiyya:

Ku nemi irinsa, mai kyau kamar nasa ko wanda ya fi shi, domin abin da ya rasa ke nan, kuma kuɗin wancan lokaci ba zai saya masa komai ba a yau. Idan shi da kansa ya zaɓi kuɗi ko ya yafe wani abu, wannan haƙƙinsa ne. Ku dai tabbata akwai gumin ƙanenka a cikin kuɗin, kuma shi ne zai miƙa da hannunsa.