Ƙanena zai tafi seminer, in sayar da keken ɗinki ko ya jira baɗi?

Yayar Marayu: Salama gare ku ƴan'uwa cikin Almasihu. Shawarar waɗanda suka taɓa tura ɗa ko ƙane babbar seminer, makarantar horar da firistocin Katolika, nake nema. Mu a Yamai muke, haye, wajen Harobanda. Iyayenmu sun rasu, ni ce babba, ni na riƙe ƙanena tun yana ƙaramar lakwal. Bana, 2020, ya samu bak, wato takardar gama sakandare. Tun yana yaro mai hidimar bagadi yake cewa mompe, wato firist, zai zama, ya yi shekara biyu cikin ƙungiyar masu jin kiran zama firist, mompen parwas ɗinmu, wato majami'ar yankinmu, ya rubuta masa takarda, an kuma karɓe shi. Wannan duk an gama. Kuɗi ne ya rage. An ba mu jerin kayan da zai tafi da su: zanen gado, gidan sauro, takalma, Littafi Mai Tsarki, littafin addu'o'i, ga kuɗin hanya da na aljihu. Mompe ya ce a da parwas ke ɗaukar rabi, amma bana asusu wayam, domin tun da aka rufe wuraren ibada saboda korona a watan Maris har 13 ga Mayu ba a karɓi baiko ba, da aka buɗe ma mutane ba su dawo kamar da ba. Ni tela ce. Istar bana ba wanda ya ɗinka sabon kaya, ankon biki ya tsaya, sannan ambaliyar Satumba ta kayar mana da ɗaki guda. Keke biyu gare ni. Tsakani da Allah nawa iyali ke kashewa a shekara? In sayar da keke ɗaya ya tafi bana, ko in roƙe shi ya yi koyarwa shekara guda ya tara? In ya jira, suna sake karɓarsa?

Maman Kwaya: Albarka ta shigo gidanku ƴar'uwa! Ki fara zuwa wurin mompen parwas ɗinku, shi zai rubuta masa takarda. Kuma ya dage ya samu bak tukuna, ba a shiga babu shi.

Ɗan Yantala: Mama, ai ta faɗa ya samu bak, takarda ma an rubuta.

Maman Kwaya: To madalla. Sai novena, addu'ar kwana tara. Wanda ya kira shi zai biya.

Ɗan Adar: Ni daga Tawa. Ɗan wana yana can shekara ta ukku. Mu ba mu taɓa wuce jika sittin, wato sefa dubu sittin, a shekara ba, har da mota. Kada ki saida komi, ki tahi wurin ƴan CCB, ƙaramar ƙungiyar Kiristocin unguwarku, kowa ya sa ɗari biyar biyar an gama.

Madam Garbado: Jika sittin? Wace shekara? Mu bara sai da muka kashe kusan jika ɗari biyu a kan ɗan ƙanwata. Sutan, doguwar rigar firistoci, ɗaya kaɗai jika ashirin da biyar aka ɗinka. Kuma Tawa ƙarƙashin bishop na Maradi take. Ita a Yamai take tambaya, kowane dayosis, wato yankin bishop, da tsarinsa.

Ɗan Adar: Seminer ɗin dai guda ce, Madam, duk Wagadugu suke tahiya.

Tsohon Ɗan Kosogin: Bari in warware, don na zauna can. Nijar ba ta da babbar seminer tata, mu da Burkina majalisar bishop-bishop ɗaya muke. Bayan shekarar share fage ana yin falsafa a Kosogin, cikin Wagadugu, sai shekarar aiki a parwas, sai tauhidi a Wayalgin ko Kumi kusa da Bobo. Duka shekara takwas zuwa tara kafin a naɗa mutum. Kuɗin karatu da ci da kwana dayosis ke biya, kuma wani kaso yana zuwa daga Roma, daga asusun Bitrus Manzo da aka kafa don tarbiyyar firistoci a ƙasashen mishan. Shi wannan asusun baikon majami'un duniya ke cika shi, su ma bana a rufe suka yi Ista, har Italiya da Faransa. A watan Afrilun 2020 Paparoma Francis ya buɗe asusun gaggawa na korona da dala 750,000 ta Amurka, amma na dukan ƙasashen mishan ne, ki raba ki ga abin da zai iso Yamai. Abin da ke kan iyali shi ne hanya, sutura, sabulu, magani, fotokopi da kuɗin waya. Ni wajen jika ɗari da ashirin nake ci a shekara, ban da shekarar farko mai sayen kaya. Sutan ba a bukatarsa a farko, a cire shi daga lissafi. Zancen jira kuwa, ta je ta ga mompe mai kula da masu jin kira na dayosis, shi ke da wuƙa da nama, ba na parwas ba. Na san wanda ya jira shekara biyu saboda ciwon mahaifiyarsa kuma aka karɓe shi, amma a rubuce ya nema.

Dattijon Dutsi: Ɗiyata, saurare ni, ni na sha wannan ruwan. Ɗana na fari ya tafi, na sayar da bijimai biyu na noma, daga baya na jinginar da gonar fadama da ubana ya bar mini a Dogon Dutsi. Shekara shida ina aika masa, ƙannensa mata biyu na cire su daga kwaleji don ban iya haɗa biyu. Duk hutu in ya zo, mutanen majami'a suna tashi su ba uwarsa kujera, ana ce mata Maman Mompe. Shekara ta shida sai ga shi da akwati da takarda mai layi uku, wai an duba an ga ya nemi wata hanyar bauta wa Allah. Na sa babbar rigata na je na tambayi laifinsa, aka ce sirri ne. Sirri! Lokacin da ake karɓar kuɗin bijimaina babu sirri. Yaron bai yi sata ba, bai yi wa kowa ciki ba, har yau shi kansa bai san dalili ba. Takardar falsafar da ya zo da ita ya kai ofis-ofis, ba wanda ya san inda zai sa ta. Yana da shekara 27 ya koma aji ɗaya a jami'a tare da sa'o'in ƙanwarsa. Uwarsa ta daina zuwa Mas ɗin safe saboda bakin mata, kujerar ma ba mai tashi. Yanzu koyarwa yake a wata lakwal mai zaman kanta, da aka rufe makarantu daga Maris zuwa 1 ga Yuni ko dala ba su ba shi ba. A cikin wannan halin ne ƴan kwamitin parwas suka ƙwanƙwasa mini ƙofa da takunkumi a fuska, wai sun zo karɓar kuɗin shekara da ake biyan parwas tunda ba a taruwa. Na ba su ruwa suka sha, na ce su gaida gida. Ban bar Yesu ba, ba zan bar shi ba. Amma keken da ke ciyar da ke kada ki sayar da shi don kowa.

Madam Garbado: Wayyo Baba. Allah ya share maka hawaye.

Maman Kwaya: Baba, da girmanka, irin wannan magana tana kashe wa yara zuciya. Firistoci ƴan ƙasa nawa gare mu? Har yaushe za mu dogara da ƴan Italiya da Benin da Burkina? Ga Mompe Maccalli, ya bar ƙasarsa ya zauna Bomoanga, aka sace shi a 2018, sai Oktoban 2020 aka sako shi bayan shekara biyu. Shi ya sadaukar da kansa, mu keken ɗinki muke jin ciwo.

Dattijon Dutsi: Ke me kika sayar?

Tsohon Ɗan Kosogin: Baba yana da gaskiya a abu guda, ba a shirya iyali don ranar da yaro zai dawo. A ajinmu waɗanda suka kai ga naɗi ba su kai rabi ba. Amma a yi adalci, ba a faɗin dalili a fili ne don a kare mutuncin yaron, kuma ba wanda ya taɓa alkawarin cewa duk wanda ya shiga zai fito da sutan.

Madam Garbado: Kai da ka fito da ƙafarka, kai ne za ka koya mana? A bari iyayen waɗanda suka kai ƙarshe su yi magana.

Tsohon Ɗan Kosogin: Na fito da kaina, na yi aure a majami'a, kuma ni kaɗai a nan na taɓa kwana a ɗakin. Lissafi aka tambaya, Madam, ba tsarki ba.

Bagobirin Wadata: Ni dai shawarata a tura Zabarmawa seminer su duka, kuɗin abinci zai sauka, kopto da garin rogo sun ishe su shekara tara.

Ɗan Yantala: Bagobiri, bawana, ku da za ku cinye hostiya, gurasar Mas, ku ce a ƙaro miya.

Bagobirin Wadata: A ƙaro mana, ai biki ne.

Yayar Marayu: Na gode Baba, na gode kowa. To hanya fa? Iyakar ƙasa a rufe take bana, 2020, saboda korona. Ta yaya yaran ke isa Wagadugu bana?

Ɗan Adar: Namu ta ƙasa ya bi da takardar izini, jika goma sha biyar.

Madam Garbado: Ta Torodi da Makalondi da Kancari a wannan zamanin? Ni ban yarda ba. Namu jirgi ya hau, tunda an buɗe sama tun 1 ga Agustan 2020. Gwajin korona kaɗai jika talatin muka biya, ban da tikiti.

Ɗan'uwa daga EERN (Ikilisiyar Bishara ta Nijar): Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba Katolika ba ne amma matata ce. Mu da muke ba da zakka, kashi ɗaya cikin goma, ko da aka rufe majami'a mutane suna kai wa ma'aji gida. Ku kuwa dala biyar biyar kuke jefawa a kwando sannan ku ce parwas ba ta da kuɗi.

Maman Kwaya: Wannan zancen cikin gida ne, malam.

Mai Riƙon Asusu: Bai yi ƙarya ba. Ni ina cikin kwamitin kuɗi na wata parwas a nan Yamai, ba zan faɗi wacce ba. Ranar Litinin mu ke zama mu ƙirga baiko, hannunmu har baƙi yake saboda tsabar dala biyar da dala goma. Daga ciki ake biyan kuran da ruwa, albashin mai gadi da mai dafa abinci, man babur na zuwa ƙauye, giyar Mas da hostiya. Makon Tsarki da Ista su ne kakarmu, abin da aka samu a lokacin ke riƙe parwas wata da watanni, bana kuwa 12 ga Afrilu ƙofa a kulle. Karmes, bikin tara kuɗi da muke yi duk shekara, an soke. Da aka buɗe sai ga sayen bokitan wanke hannu da sabulu, aka ƙara yawan Mas don a ba da tazara, wutar fanka ta ninka, baiko bai ƙaru ba. Yawancin masu ba da takarda maimakon tsaba ƴan Togo da Benin ne masu gareji da salon da gidan abinci, dokar hana fita ta dare ta karya su, wasu sun koma gida ba su dawo ba. Kuma kada a manta wasu parwas ba su gama farfaɗowa daga ƙonawar Janairun 2015 ba. Mompenmu da kuɗin niyyar Mas, abin da mutum ke bayarwa a yi masa addu'a a Mas, yake sayen cefane. Mu muka je gida-gida, kunya kamar ta kashe mu, amma mai gadi yana da ƴaƴa biyar.

Ɗan Yantala: Niyyar Mas ɗin ma nawa ce? Mu jika ɗaya muka sani, ran nan aka ce mini jika biyu.

Madam Garbado: Jika ɗaya ranar aiki, biyu ranar Lahadi.

Ɗan Adar: Mu nan abin da ka samu.

Katashis Mai Furfura: Tunda an zo nan, ni ma in faɗi nawa. Shekara da shekaru ina koyar da katashizim, ni ke jagorar addu'a in mompe bai zo ba, ni ke wanke gawa, ni ke fassara wa'azi zuwa Hausa. Ɗan alawus ɗinmu bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda shi kansa a 2020 jika talatin ne da ƴan kai. Da korona ta zo mu aka fara yankewa, har yau ba a mayar ba. Shinkafar da aka raba wa mabukata ni na rubuta sunaye, nawa ba ya ciki, wai ni ma'aikaci ne. Kowa na zancen seminer, ba mai zancen wanda ke riƙe da ƙauye wata uku kafin a ga mota.

Dattijon Dutsi: Faɗa musu, malam. Kuma a tambayi mai asusu, yaushe rabon da a karanta lissafin shekara a gaban jama'a? Shiga nawa, fita nawa?

Mai Riƙon Asusu: Muna liƙawa a allon sanarwa, Baba.

Ɗan Yantala: Da Faransanci, da ƙananan baƙaƙe, ruwa ya wanke shi cikin sati. Tsohuwata da ke ba da ɗari biyar duk Lahadi ba ta karatu. A karanta da Hausa da Zabarmanci da Gurmanci bayan Mas, minti goma ne.

Madam Garbado: Ni abin da ya fi ƙona mini rai katin nan ne. Maƙwabciyata ta rasu a watan Yuli, mace mai share majami'a duk Asabar. Ƴaƴanta suka je neman Mas na jana'iza, sakatare ya ce a kawo katin kuɗin shekara, aka ga bana ba hatimi. Sai da suka biya na shekara biyu gawa tana jira a asibiti.

Mai Riƙon Asusu: Wannan ba doka ba ce. Dokar Ikilisiya ta hana a hana matalauci jana'iza don kuɗi. Da sun wuce sakatare sun ga mompe da kansa.

Madam Garbado: Wa zai kai su wurinsa, ba sakataren ba?

Katashis Mai Furfura: A wurinmu ma an taɓa mayar da baftismar jariri saboda katin uban.

Yayar Marayu: Don Allah wa ke da masaniyar ranar da mompe mai kula da masu jin kira yake zama a ofis? Mai sayen keken ya ce jika saba'in, kuma Asabar zai zo da kuɗi.

Ɗan Adar: Saba'in? Butterfly ce ko Singer? In Singer ce ta wuce ɗari.

Maman Kwaya: Zancen kati kuwa, ku faɗi gaskiya, wasu shekara goma ba su biya ba, sai ranar mutuwa a ga danginsu. Kuɗin shekarar nawa ne duka?

Ɗan Yantala: Mu jika biyu mace, uku namiji.

Madam Garbado: A wace parwas? Mu an ce ladan aikin yini guda, ma'aikaci kuwa jika biyar zuwa sama, kuma bana sakataren cewa ya yi har na yara sai an biya kafin a buga hatimi.