D ya koma E bayan na sa sabon faifai a kwamfuta, ina mafita?

Mai Shagon Buga Takardu, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon buga takardu, yawancin masu kawo mini aiki ɗaliban poli ne. Kwamfutata ta dame ni da nauyi, sai na sayo SSD, wato faifan ajiya mai sauri, mai 512GB, wani yaro ya ɗora mata Windows 10 sabo a kai. Tsohon faifan ajiya yana ciki, ba mu cire shi ba. Sauri kam, sai godiya.

Amma tun shekaranjiya ban samu barci ba. Tsohon faifan kashi biyu ne, C da D, kuma duk furojet ɗin ɗalibai da hotunan fasfo a D suke. Yanzu in na buɗe D sai in tarar da tarkacen tsohon Windows. Kayana sun koma E. Fayil ɗin Excel da nake lissafin bashi da shi yana jawo alƙaluma daga wani fayil a D, yanzu ya ce bai gan shi ba. Sannan sabon faifan 476GB yake nunawa. An cuce ni ne?

Mai Gyara daga Gusau:
Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, ko fayil ɗaya bai ɓace ba. Sabon Windows bai san harufan da tsohon ya raba ba. Ya ɗauki C ya ba kansa, tsohon C ya samu D, naka D aka tura shi E.

Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta diskmgmt.msc. Za ka ga faifan biyu a jere. Kar ka fara da E, don ba za ka ga D cikin zaɓi ba muddin wani yana riƙe da shi. Fara danna dama a kan D na yanzu, zaɓi Change Drive Letter and Paths, ka mayar da shi W ko wani harafi na can ƙarshe. Sai ka dawo kan E ka ba shi D. Zai yi maka gargaɗi cewa wasu manhajoji na iya rikicewa, amsa masa Yes. C kuwa kar ka taɓa shi.

Abu ɗaya nake roƙonka: Format, mai goge komai da ke faifai, yana nan kusa a jerin nan. Ka duba da kyau kafin ka danna, kuma ka kunna janareta tukuna.

Hajiya Mai Koyar da Kwamfuta, Argungu:
Maganar 476 ba cuta ba ce, ƙanena. Kamfani yana ƙirga gigabait da dubu-dubu, Windows kuma da 1024. Mai 1TB, wato 1000GB, ma 931 yake nunawa. Ni dai da ni ce, sai na kwashe furojet ɗin yaran nan a faifan waje kafin in taɓa komai.

Mai Shagon Buga Takardu:
Alhamdulillahi! Na kwafe tukuna kamar yadda Hajiya ta ce, ya ci kusan awa ɗaya, sannan na bi maganar Malam. Excel ya buɗe, bashin mutane ya dawo cif, har da na wanda ya so a manta. To wannan W ɗin fa, in goge shi?

Mai Gyara daga Gusau:
A'a, ba yanzu ba. Shiga W, buɗe Users, ka duba Desktop da Downloads na tsohon sunanka. Can mutane ke mance takardu. Ba shi wata guda.