Ruwa ya shiga kyamarata a hanyar Mambilla, don Allah a taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce na dawo Sakkwato daga Gembu, jihar Taraba, kuma har yanzu hankalina bai kwanta ba.

A dawowa yaron mota ya ɗaure jakar goyona a saman bas, ya ce tamfol zai kare ta. Muna barin Nguroje hadari ya haɗo. Kafin mu gangaro Mayo Selbe ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, hazo ya rufe tsaunukan har direba na tafiya kamar hawainiya. Sai a Serti na samu aka sauke mini jakar, na tarar komai ya jiƙe sharkaf, har kyamarar da na naɗe cikin rawani.

Nan take na cire batir da katin hotuna. Da na iso gida na binne ta cikin shinkafa kwana huɗu, amma raɓar da ke cikin gilashin ba ta tafi ba. Katin kuma kwamfuta ba ta ganinsa sam, alhali hotunan gonakin shayi na Kakara da shanun Fulani a kan korayen tuddai duk suna ciki. Su ne suka fi damuna, wallahi.

Wani mai gyaran waya ya ce in shanya ta a rana, ni kuwa tsoron zafin ranar Sakkwato nake, kada robobinta su lalace. Shin in gwada kunna ta, ko in ƙara jira? Akwai wanda ya taɓa ceto hotuna daga katin da ya sha ruwa? Idan akwai ƙwararre a nan cikin gari, a nuna mini, ko Kano ce zan je.