Tambaya: yawon tsibirai da ƙananan yara biyu, kuɗi kuma a ƙididdige

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna shirin tafiya hutu ni da maigida da yara biyu. Babbar shekararta 4, ƙaramin zai cika shekara 2 a ƙarshen Agusta, kuma a watan Agustan ne kawai muke da sarari, kwana 12 har da ranakun jirgi. Maigida ya tsara Tailan: Phuket, Phi Phi, Koh Lanta, Koh Lipe, in kwana ya rage mu leƙa Samui. Ni dai ina ganin kamar abin ya yi yawa. Masu sani ku taimaka, ina ake rage kashe kuɗi, ina ne kuma bai kamata a rage ba? Jirgin ruwa da yara ƙanana yana da haɗari? Me za mu riƙe na magani?

Abu Safwan:

Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin a zo maganar kuɗi, tsibiran da kuka jera da watan da kuka zaɓa ba su dace da juna ba. Phuket, Phi Phi, Lanta da Lipe duk a gefen yamma suke, a tekun Andaman, kuma daga Mayu zuwa Oktoba iskar damina ce ke bugun wannan gefen. Ba wai wuni ake ana ruwan sama kullum ba. Teku ce ke tashi. A gaɓar yammacin Phuket sai a kafa jar tuta a hana shiga ruwa, jiragen da ke haɗa Phi Phi da Lanta da Lipe kuma yawancinsu su tsaya ko a rage su har sai wajen Nuwamba. Masauki yakan sauko a lokacin, gaskiya ne, amma arha ba ta ado in za ku ƙare a ɗaki kuna lallashin yara.

A Agusta gefen gabas ya fi, wato Samui, Phangan da Tao, don su ruwansu mai ƙarfi sai Oktoba zuwa Disamba. In ba dole sai Tailan ba, tsibiran Perhentian da Redang na gabashin Malesiya suna buɗe a lokacin (su daga Nuwamba ne masaukai ke rufewa), haka Lombok da tsibiran Gili a Indonesiya, rani ake can.

Sai yawan tsibirai, a nan ne kuɗin ke zurarewa. Duk ranar da kuka tashi daga wani tsibiri zuwa wani, wannan ranar ta tafi. A haɗa kaya, a bar ɗaki ƙarfe 11 ko 12, a hau mota zuwa tashar jirgin ruwa, a jira, a ƙetare, a sake hawa mota, sabon ɗakin kuma ba a ba ku makulli sai ƙarfe 2 ko 3. Barcin rana na ƙaramin a tsakiyar wannan hidimar zai faɗo. Tsibiri 5 ƙaura 4 ke nan, ki ƙara ranar zuwa da ranar komawa, rabin kwana 12 ɗin ya ƙare a hanya, kuma kowace ƙaura sai an biya mota sau biyu da tikitin jirgi. Ku tsaya a tsibiri biyu, kowanne kwana 4 ko 5. Na uku in ana so, a je da safe a dawo da yamma, kaya suna ɗaki.

Ga yadda zan tsara. Filin jirgin saman Samui mallakar kamfanin Bangkok Airways ne, tikitin zuwa can yakan fi tsada. Mai neman sauƙi yakan tashi daga Bangkok, babban birnin ƙasar, zuwa garin Surat Thani a jirgi mai arha, ya hau bas zuwa tashar Donsak, ya shiga babban jirgin fito, kamar awa ɗaya da rabi a ruwa. Ana sayar da tikitin bas da na jirgin a haɗe, shi za ku nema. A Samui ku sauka a arewa, Maenam ko Bophut ko Choeng Mon, ruwan ya fi kwanciya kuma babu hayaniyar Chaweng, gaɓar da ta fi cika da masu yawon buɗe ido. Daga nan Phangan kusa ne, rabin awa zuwa awa ɗaya gwargwadon jirgin. A Phangan ma arewa za ku nufa, kuma ku duba ranar da wata zai cika, don a Haad Rin da ke kudu ake babban casu a wannan daren, jirage su cika maƙil, kuɗin ɗaki ya hau. Tao ku bar shi. Wurin masu nutso ne, tudu da gangare, hanyar ruwan kuma ta fi tsawo.

Daren ƙarshe kada ya same ku a ƙaramin tsibiri. Ku kwana a inda filin jirgin yake. In teku ta tashi aka soke jirgin fito, kamfanin jirgin sama ba ruwansa, tikitin mutum huɗu ya ƙone.

Kyaftin:

Na yarda da Abu Safwan sai a abu ɗaya. Hanyar Surat Thani tana rage kuɗi, amma bayan doguwar tafiyar jirgin sama, a ƙara wa yaro ɗan wata 23 wani jirgin da bas da jirgin ruwa a rana guda, zalunci ne. Ko ku kwana ɗaya a Bangkok kafin ku ci gaba, ko ku biya tsadar sauka Samui kai tsaye a zuwa, ku bi hanyar arha a dawowa lokacin da yara suka huta. Ku lissafa duka biyun har da kuɗin kwanan Bangkok, wani lokacin bambancin ba shi da yawa.

Maganar jirgin ruwa. Iri uku za ku gani: babban jirgin fito mai ɗaukar motoci, jirgi mai gudu mai rufi da kujeru a ciki, sai ƙaramin kwale-kwale mai inji. Na farkon ya fi arha, ya fi jinkiri, kuma shi ya fi dacewa da yara, don ba ya tsalle a kan igiyar ruwa, yana da banɗaki da wurin miƙe ƙafa. Ƙaramin mai gudu duk lokacin da ya daki igiya, wanda ke zaune a gaba shi ke shan bugun, don haka in ya zama dole ku zauna a baya. Ku ɗauki jirgin safe, iska ta fi tashi bayan azahar, kuma in an soke na safe akwai na gaba.

Rigar ceto ta yara kada ku dogara da ta jirgi, galibi ta manya ce. Yaro in aka saka masa babba, yana faɗawa ruwa sai rigar ta taso ta bar shi a ƙasa. Ku saya wa kowanne tasa gwargwadon nauyinsa, ba shekarunsa ba, nauyin yana rubuce a jikin rigar. Ta ƙaramin ta kasance da madauri da ke bi ta tsakanin ƙafafu, da matashi a bayan wuya, da hannun kamawa a sama. Gwajin mai sauƙi ne, a ɗaure ta sannan a ɗaga yaron ta kafaɗun rigar, in haɓarsa ko kunnuwansa suka nutse ciki ta yi masa yawa. Balan-balan ɗin da ake saka wa yara a damtse abin wasa ne, ba ya hana nutsewa.

Kaya kuma, keken tura yaro ba ya tafiya a yashi, kuma a wasu tsibiran kwale-kwale a bakin ruwa yake tsayawa sai an taka ruwa zuwa gwiwa. Abin goyo ya fi. Jaka ta baya biyu sun fi akwati mai taya, don kowane babba yana buƙatar hannu ɗaya a sake na riƙe yaro a kan gadar shiga jirgi. Fasfo, waya da magani a jakar da ruwa ba ya shiga, a jikinki, ba cikin tarin kayan da ake jibgewa a gaban jirgi ba. Jiragen sama masu arha na yankin yawanci kilo 7 suke bari a hannu, kuma kuɗin jakar awo in an saya ta intanet tun farko ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan wanda za a karɓa a filin jirgi. Tufafin kwana 4 sun isa, akwai masu wanki da kilo ko'ina.

Inda ake rage kuɗi da gaske shi ne masauki mai firiji da ɗan kicin, mintuna kaɗan daga bakin teku maimakon a kansa. Karin kumallo da abincin yara ku yi da kanku. Famfas, madara da man kariya daga rana ku saya a babban kanti a Samui kafin ku ƙetare, komai da jirgi ya kai ƙaramin tsibiri sai ya ƙara kuɗi, kuma girman da kike nema ba lallai a same shi ba. Ku riƙe tsabar kuɗin ƙasar, na'urar ATM a ƙananan tsibirai ba abin dogaro ba ce. In na'ura ta tambaya ko ta canza muku kuɗin da kanta, ku ƙi, ku zaɓi a cire da kuɗin ƙasar, canjinta ya fi tsada.

Babur na haya shi ne abin hawa mafi arha a tsibiran nan, shi ne kuma ya fi kai baƙi asibiti. Da yara a manta da shi.

Anti Nas:

'Yar'uwa, ki fara da ganin likita mako 4 zuwa 6 kafin tafiya, ki tafi da katin riga-kafin yaran. In daga ƙasar da ake samun cutar shawara za ku taso, Tailan tana neman takardar riga-kafinta, kuma takardar ba ta fara aiki sai kwana 10 bayan allura. Inshorar tafiya ki karanta ta da kyau, ta ƙunshi kwashe marar lafiya zuwa babban asibiti, sunan kowane yaro kuma ya fito. Samui tana da manyan asibitoci, wannan ma dalili ne na mayar da ita mazauni.

Abin lura na farko a tsibiran nan zazzaɓin denge ne, kuma sauronsa da rana yake cizo, musamman da safe da gab da magariba, don haka gidan sauro kaɗai bai wadatar ba. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari ya yi wa duka biyun. Ki shafa a hannunki sannan ki shafa musu, ban da tafin hannu da kusa da ido da baki. Mai man turare da ake kira lemon eucalyptus ba a shafa wa ɗan ƙasa da shekara 3. Man kariya daga rana ake fara shafawa, mai lambar ƙarfi SPF 30 ko sama, sannan na sauro a kai, a sake man ranar duk awa 2 da kuma bayan fitowa daga ruwa. In zazzaɓi ya zo, farasitamol kawai gwargwadon nauyi, kada a ba da ibuprofen ko asfirin, don in denge ne suna ƙara haɗarin zubar jini. A kai yaron a duba shi, kada a zauna jira.

Gudawa ita ce ta biyu. Ruwan kwalba mai hatimi har wajen goge baki da haɗa madara. Ki riƙe ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari na gudawa, da yawa, ki haɗa da daidai ruwan da aka rubuta a jikin takardar, ba a rage ba a ƙara, abin da ya kwana ya wuni a zubar. Da shi ake ba da zinki, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 ga yaron da ya wuce wata 6. Yaro ya daina fitsari, ido ya zurma, ya ƙi sha, ko jini a bayan gida, asibiti kai tsaye.

Amai a jirgin ruwa ya fi kama 'yan shekara 2 zuwa 12, don haka babbar ce abin lura. Abinci kaɗan marar maiƙo kafin a hau, zama a tsakiyar jirgi inda iska ke shigowa, ta kalli nesa, ba waya ba. Maganin jiri ba a ba ɗan ƙasa da shekara 2, babbar ma sai likita ya faɗi adadi, kuma a gwada shi a gida tukuna, don wasu yaran maimakon barci sai ya tayar musu da hankali.

Abu ɗaya da ba a faɗa ba game da Samui da Phangan: a watannin nan akan samu wata halittar ruwa mai kama da leda mai dogayen zare, wadda ake kira jelifish mai siffar akwati, dafinta yana kisa. Ku yi wanka inda aka kewaye da raga, yara su sa rigar ninƙaya mai dogon hannu da wando, kada a shiga ruwa da dare ko bayan ruwan sama. In ta taɓa mutum a kwarara ruwan khal a wurin na daƙiƙa 30 aƙalla, ba a gogewa, ba a zuba ruwan sha, sannan a nemi agaji nan take. Ƙaramar kwalbar khal a jaka ba ta da nauyi. Cizo ko yaƙushin kare ko biri kuma, wanki da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, sai asibiti a ranar saboda ciwon haukar kare.

Maman Ilham:

Allah ya saka da alheri, na nuna wa maigida ya haƙura da Lipe. Saura tikitin ƙaramin, an ce ɗan ƙasa da shekara 2 kusan kyauta ne. Haka ne?

Kyaftin:

Ba kyauta ba ne, amma kaɗan ake biya in a cinya zai zauna. A doguwar tafiya yawanci wajen kashi 10 cikin ɗari na kuɗin babba ne da haraji, jiragen arha kuma kuɗi tsayayye suke yankewa. Abin lura, shekarunsa na ranar kowane tashi ake dubawa, ba ranar sayen tikiti ba. In ranar dawowarku ta faɗo bayan ya cika 2, dole a saya masa kujera a dawowar, wasu kamfanonin ma su caje shi kuɗin yaro zuwa da dawowa. Tunda ƙarshen wata ne ranar haihuwarsa, ku matso da tafiyar farkon Agusta yadda za ku sauka gida kafin ranar. Shi ma sai da fasfonsa na kansa mai sauran wata 6 aƙalla, da biza in fasfonku na buƙatarta, kuma ku saka sunansa a tikitin tun lokacin saye, ƙara jariri daga baya sai an kira kamfani, wani lokacin a ce gurbin jarirai na wannan jirgin ya cika.