Wace manhaja zan ɗora don jin waƙoƙi a ɗakunan gida?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da fayiloli kusan 9,000 a warwatse tsakanin tsohuwar laftof, memori da wayoyi biyu: waƙoƙin Hausa na da da na yanzu, ƙasidu, karatun Alƙur'ani da tafsiri. Yawancinsu MP3 ne, sai 'yan FLAC, wato fayilolin da ba a rage ingancin sautinsu ba, da na kwafa daga faifan CD. So nake in tara su wuri guda, a riƙa ji a falo ta amfilifaya, a ji a ɗaki ma, a kuma zaɓi waƙa daga waya. Ina da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 a ajiye. An ambata mini Plex, Jellyfin, Navidrome da Roon. Wanne zai jure ɗauke wuta da yankewar intanet irin namu na Legas?

Injiniya Ikeja:

Wa alaikumus salam Malam. Fara cire Roon daga lissafi. Da dala ake biyan kuɗinta, kuma sabarta, wato ɓangaren da ke riƙe waƙoƙi yana rabawa, ba ta hawa kan Pi, sai kwamfuta sosai. Plex tana aiki, amma sai ta tantance asusunka ta intanet, to ranar da data ta ƙare za ka iya tarar da kanka a waje alhali waƙoƙin suna falonka, sai fa in ka riga ka sa adireshin gidanka cikin waɗanda aka yafe wa tantancewa.

Tunda ɗakuna biyu kake so, Lyrion Music Server zan ba ka shawara. Ita ce tsohuwar Logitech Media Server, an canza mata suna a 2024, kyauta ce. Ka ɗora ta a kan piCorePlayer, ƙaramin tsarin aiki na Pi da aka yi don kunna waƙa. Dalilina wuta ce. piCorePlayer tana loda kanta gaba ɗaya cikin RAM idan ta tashi, ba ta yawan rubutu a kan katin SD. Abin da ke kashe katin Pi shi ne a ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, ka kunna ya ƙi tashi.

Tsarin shi ne: Pi 4 a falo ya zama sabar kuma mai kunnawa. Haɗa shi da rauta da kebul, kada ka dogara da Wi-Fi a nan. Waƙoƙin su zauna a SSD. Fayil 9,000 a kan kusan MB 5 kowanne bai wuce GB 45 ba, saboda haka mai GB 256 ya ishe ka har da ƙari. Ka yi masa fomat da tsarin ext4, domin tsarin exFAT ba shi da rajistar da ke gyara ɓarna bayan yankewar wuta. Ma'ajiyar bayanan Lyrion ma ka mayar da ita kan SSD ɗin. A ɗaki kuma Pi Zero 2 W ya wadatar, shi ma piCorePlayer za ka sa masa, sai ka haɗa su su riƙa tafiya tare ba tare da ɗaya ya riga ɗaya ba. Ka buɗe adireshin Pi a burauzar waya da :9000 a ƙarshe, ka ƙara wa Lyrion fuskar da ake kira Material Skin, wayar ta zama rimot.

Ramin sauti na jikin Pi 4 ba na kirki ba ne, Zero kuwa ba shi da shi sam. Ka nemi DAC, wato na'urar fitar da sauti, na USB ko allon sautin da ake ɗorawa a kan Pi. A Computer Village ko Alaba ka gwada shi kafin ka biya.

Maman Hanifa:

Injiniya ya yi bayani, amma Malam kada ka ɗora komai tukuna. Duk manhajojin nan ba sunan folda suke bi ba, bayanan da ke cikin fayil suke karantawa, wato tag. Fayilolin da suka biyo ta WhatsApp ko Xender ko shagon masu tura waƙa, buɗe ɗaya ka gani: sunansa AUD-20230514-WA0012, a gurbin mawaƙi an rubuta sunan shago da lambar waya, hoton bango kuma tallan wani shafi ne. In ka zuba su haka, za ka ga mawaƙa 700 alhali ba su kai 80 ba.

MusicBrainz Picard tana gane waƙa daga sautinta, amma sai waƙar tana cikin rumbunsu, kuma yawancin tsofaffin waƙoƙinmu da aka kwafo daga kaset ba sa ciki. Aikin hannu ne da Mp3tag. Zaɓi duk fayilolin mawaƙi ɗaya a lokaci guda, ka cike Artist da Album Artist da rubutu iri ɗaya. In ka bar Album Artist fanko, kundin fim mai mawaƙa biyar zai tsage gida biyar.

Sai batun ɗ, ƙ da ɓ. Tsohon tsarin tag na ID3v1 ba ya ɗaukarsu, alamar tambaya za ka gani a gurbinsu. A saitin Mp3tag ka zaɓi ID3v2.3 da UTF-16, ka sa ta goge v1. Haka zai riƙe har da rubutun Larabci. Kuma ka tsaya a kan salo guda, domin Ɗan da Dan da 'Dan mutum uku ne a wurin kwamfuta.

Abin da ya fi duka muhimmanci: raba karatu da waƙa tun daga folda. In suna rumbu ɗaya ka danna a gauraya, sura za ta ƙare kalangu ya biyo baya, baƙi na zaune. A nan Jellyfin ta fi sauƙi, kowane rumbu da nasa ɗakin. Surori kuma ka sa musu lamba uku-uku, 001 zuwa 114, in ba haka ba 10 da 100 za su riga 2. Tafsiri mai awa guda ya fi dacewa da Audiobookshelf, tana tuna inda ka tsaya.

Sani Mile 12:

Ranka ya daɗe Injiniya, ina da ja a wuri ɗaya. Lyrion ta gida ce. In Malam yana son ji a mota, cikin cunkoson gadar Third Mainland misali, Navidrome ta fi. Ba ta da nauyi, tana buɗewa a :4533, kuma tana magana da duk manhajojin waya masu bin tsarin Subsonic, irin su Symfonium a Android da Amperfy a iPhone. Suna sauke waƙoƙi su ajiye a waya. Abin da ba ta yi shi ne haɗa ɗakuna su tafi tare. Amma su biyun za su iya karanta folda ɗaya, sai dai a piCorePlayer ɗora ta ba sauƙi, gara Raspberry Pi OS in ana son duka.

Don isa ga sabar daga wajen gida fa, buɗe ƙofa a rauta ba zai yi ba in layin waya kake amfani da shi, domin kamfanonin kan raba adireshi ɗaya ga mutane da yawa. Sa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka kamar suna gida ɗaya, a Pi da waya, shi ke nan. Kuma ka kula da data: FLAC na cin wajen MB 400 a awa, matsattsen tsarin Opus a kan 96 kbps kuwa MB 43. Sa ffmpeg, manhajar sauya tsarin fayil, ka ce Navidrome ta rage nauyi in kana kan data kawai.

Injiniya Ikeja:

Gaskiyarka Sani. In ya koma Raspberry Pi OS to dole ƙaramin UPS irin na rauta, ya duba yana ba da 5V 3A. Kada ya yi dabarar fawa-banki, da yawansu suna katse wuta na ɗan daƙiƙa idan aka ɗauke ko aka kawo, Pi ya sake tashi. Pi da SSD wat 5 ne ko kusa, inbata ba za ta ma san da su ba.

Abu biyu da ke rikita mutane. Bayan an dawo da wuta rauta kan ba Pi sabon adireshi, waya ta ce ba ta ga sabar ba. Ka ɗaure masa adireshi guda a saitin DHCP na rautar. Na biyu gunji a lasifika. In mai kauri ne mara yankewa, na 50Hz ne, daga haɗin ƙasa yake: sa Pi da amfilifaya a soket ɗaya, ko ka bi ta kebul mai haske in amfilifayar da na'urar sautin Pi duk suna da ramin. In kuma sai an koma inbata yake zizar, inbatar ce ba ta ba da wuta mai santsi, manhaja ba ta da laifi.

Ɗan Agege:

Allah ya saka da alheri. Zan fara da tag ɗin kamar yadda Hajiya ta ce. Tambaya ɗaya: in na mayar da MP3 ɗin FLAC sautin zai gyaru?

Maman Hanifa:

A'a Malam, abin da MP3 ya zubar ya tafi, fayil ne kawai zai kumbura. Abin da zai amfane ka ReplayGain ne. Bi su duka da foobar2000 ta auna ƙarfinsu, ka kunna shi a Lyrion, don kada waƙar kaset ta yi ƙasa-ƙasa ta bayanta ta fasa maka kunne. Kafin ka taɓa komai, kwafe duk foldar a wani faifan ka ajiye a durowa.