Me zan ci bayan cire haƙorin hankali?

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jibi za a cire mini haƙorin hankali (haƙori na ƙarshe a can ƙuryar baki) na ƙasa, wanda ya fito a karkace. An ce abinci mai laushi kawai. Don Allah wanne ke nan cikin abincinmu na gida, kuma har kwana nawa?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa a yi a sa'a. Abin da ake tsarewa shi ne gudan jinin da ke daskarewa a ramin da aka cire haƙorin, don shi ke rufe ƙashi da jijiya. In ya fita, tsakanin kwana na 2 zuwa na 4 ciwo mai tsanani zai taso har kunne, ga warin baki.

Ranar farko kada ki ci komai sai allurar kashe zafin da aka yi miki ta sake ki, kar ki ciji leɓe ba ki sani ba. Daga nan sai kindirmo, yogot, ayaba da aka dama, koko ko kunun gyada da aka tace ya huce sosai, domin zafi yana tayar da jini. Ki sha da cokali ko kofi, ban da tsinken shan lemo. Ruwan leda ma ki juye a kofi. Zuƙar nan ce ke fizgo gudan jinin, kuma a nan mutane da yawa suke kuskure.

Amsa ta 2:
Daga kwana na 2 kumburi yake ƙaruwa, baki ya ƙi buɗewa sosai, to ki riƙa ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida. Kunu kaɗai ba zai riƙe ki ba. Ƙara ƙwai mai laushi, alale marar barkono, dankalin turawa da aka dafa aka murƙushe, faten wake da ya yi lugub. Wajen kwana na 4 tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa ya yi, a tauna ta ɗaya ɓangaren.

Har mako guda ki ƙaurace wa shinkafa, dambu, garin kwaki, riɗi, gyaɗa da ƙuli-ƙuli: ƙwayoyinsu na maƙalewa a ramin. Kilishi, tsire, rake da goro kuwa sai wurin ya warke.

Amsa ta 3:
Hajiya, ban ga an ambaci fura ba. Tana da citta da barkono, ga tsakin gero. In za ki sha, a dama a tace. Awa 24 na farko ba kurkure baki da ƙarfi, ba tofarwa. Wajen alwala a juya ruwan a hankali a bar shi ya zubo. Bayan awa 24 ɗin, a zuba rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofin ruwan ɗumi, a riƙa kurkure baki da shi a hankali bayan kowane cin abinci. Maganin rage ciwo na Ibuprofen ba a shan sa da cikin wofi. Jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi, ko kumburi na ƙaruwa bayan kwana 3, a koma wurin likita.